Gwanin sunukar unguwarmu ya rasu, aka ce in rufa masa asiri

Makonni uku da suka wuce muka kai wani dattijon unguwarmu makwancinsa. Gyaran rediyo da fanka ne sana'arsa, kuma da wuya a sami gida a layinmu da bai taɓa shiga da jakar kayan aikinsa ba. Rana ta biyu ta zaman makoki, muna kan tabarma a ƙofar gida, kowa na faɗin abin da ya sani na alherinsa. Wannan ya ce bai taɓa ƙin yin gyara don babu kuɗi ba, wancan ya ce sahun farko ba ya wuce shi da asuba. Da magana ta zo kaina sai na ce, "Allah ya jiƙan Baba. Ni dai ban taɓa ganin hannun da ya kai nasa a teburin sunuka ba."

Wurin ya yi tsit. Wani ƙanensa ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Ɗana, a rufa wa mamaci asiri."

Na ce, "To, Kawu," na ja bakina, don zaman makoki ba wurin musu ba ne. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni. Wane asiri? Mutumin nan bai ci amanar kowa ba. Abu ɗaya ne ya iya fiye da duk wanda na sani, kuma shi ne aka ce kada a ambata.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Gwanintar da mutum ya shafe shekaru yana gogewa a kanta ba abin kunya ba ce, kuma ya kamata mu riƙa tuna gwanayen teburi da ƙananan gasannin da suka fito da su, da sunayensu, da gaskiyar yadda abin yake, har da ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Na san akwai masu ja, wasunsu mutane ne da nake ganin girmansu. Zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Amma bari in fara da faɗin abin da idona ya gani, tunda an hana ni faɗinsa a kan tabarma.

Teburin yana ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan tasha. Koren ƙyallensa ya koɗe, an yi masa faci kusa da rami ɗaya, an kuma cusa guntun kwali a ƙarƙashin ƙafa guda don kada ya karkata. Duk da haka yana karkata kaɗan ta wajen kwata, kuma Baba ya san iyakar karkatar kamar yadda manomi ya san kwarin gonarsa. Ba ya buga da ƙarfi. Mu yara mukan cika wurin da ƙara, ƙwallaye na tsalle, shi kuwa sai ya goga alli a bakin sanda, ya zagaya teburin sau ɗaya, ya tsaya ya yi shiru. Idan ya buga, ba ƙwallon da ta faɗa rami muke kallo ba, farar muke kallo: ta taɓa bango ɗaya, ta taɓa na biyu, ta zo ta tsaya daidai inda bugu na gaba yake jiranta. Ya taɓa ce mini, "Yaro, kowa ya iya jefa ƙwallo a rami. Inda farar za ta kwana, nan ne wasan yake." Bayan kowace ƙaramar sallah akan haɗa gasa tsakanin unguwanni, kyautar agogon bango ce ko ƙaramar rediyo, kuma shekaru da dama a jere shagonsa take komawa. Yau babu takarda ko ɗaya da ta nuna an taɓa yin wannan gasa.

Wasan da muke kira sunuka

Sunuka ta asali, wadda hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙirƙiro a Indiya wajajen 1875, tana da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi shida, a kan teburi mai tsawon ƙafa 12. Wanda muke bugawa a bakin titi, mai ƙwallaye bakwai-bakwai da baƙa a ƙarshe, shi ne wanda Amurkawa ke kira ful. Tarihin manyan gwanayensa a Amurka ya fi yawa, don haka can zan je in ɗauko misalaina. Ba don sun fi mu komai ba. Don su ma sun yi fama da irin wannan kunyar, kuma ana iya ganin abin da suka rasa da abin da suka ceto.

Garin ma'aikatan kwal da ya zama cibiya

Johnston City ƙaramin gari ne na masu haƙar kwal a kudancin jihar Illinois, mutanensa ba su kai dubu biyar ba. A 1961 wasu 'yan'uwa biyu, George da Paulie Jansco, masu gidan shaƙatawa a bakin hanya, suka kira gasa. Mutum 14 suka shiga. Wasan kuma shi ne wanda ake kira rami ɗaya: kowane ɗan wasa an ba shi rami guda a teburin, a nan kaɗai zai jefa ƙwallayensa, wanda ya fara jefa takwas ya ci. Wasa ne na haƙuri da dabara, ya fi kusa da dara a kan wasan ƙarfi. Johnny Vevis ne ya lashe ta farko.

Waɗanda suka zo ba 'yan wasan kwat da laƙataye ba ne. Mutanen hanya ne, masu yawo gari-gari da sanda a bayan mota, waɗanda aka fi sani da laƙabi a kan sunan yanka: Boston Shorty, Cornbread Red, Jersey Red, da Eddie Taylor da ake kira Knoxville Bear, gwanin bugun da ake jefa ƙwallo a rami bayan ta taɓa bango. Duk wanda ya taso a unguwar Hausawa ya san yadda laƙabi ke cinye sunan gwani. Daga 1962 aka ƙara wasu nau'o'in wasa biyu, aka riƙa fitar da zakaran zakaru, kuma Luther Lassiter, wani mai sanyin hali daga Elizabeth City a jihar North Carolina, shi ya mamaye shekarun. Ana shafe kusan makonni uku ana yi. 'Yan jarida suka zo, gidajen talabijin na ƙasa suka zo.

A 1972 jami'an gwamnatin tarayya suka kai samame saboda caca, kuma daga wannan shekarar gasar ba ta sake tashi ba. Lassiter ya rasu a 1988. A gefen teburinsa na gida aka same shi.

Da labarin ya tsaya nan, da ƙanen Baba ya yi gaskiya: wuri ne na caca, hukuma ta rufe shi, a bar maganar. Amma bai tsaya ba, saboda waɗanda suka gani da idonsu ba su yi shiru ba. Sun ba da labari, wasu sun rubuta, wasu sun adana hotuna. A 1999 Greg Sullivan, mai kamfanin ƙera tebura, ya kafa gasar Derby City Classic a Louisville ta jihar Kentucky bisa tsarin Johnston City: nau'o'in wasa uku, da zakaran zakaru a ƙarshe. Har yau ana yin ta kowace shekara, ɗaruruwan 'yan wasa na zuwa. Shekara 27 ke tsakanin samamen da wannan farfaɗowa. Abin da ya riƙe zaren a tsakani ba gini ba ne, ba kuɗin gwamnati ba ne, tunawa ce.

Ko babbar gasar US Open ta ƙwallo tara, nau'in wasan da wanda ya jefa ƙwallo mai lamba tara ke ci, wadda yanzu ake nunawa a duniya, a ɗakin wasa guda ta fara, na Barry Behrman a Norfolk ta jihar Virginia, a 1976, da 'yan wasa 16. Mike Sigel ne ya ci. Idan ka cire ƙananan gasannin gari daga tarihin wannan wasa, babu abin da zai rage a hannunka.

"Ai caca ce"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Caca haramun ce. Alƙur'ani ya ambace ta tare da giya a suratul Baƙara aya ta 219 da suratul Ma'ida aya ta 90. Na kuma ga ɓarnarta a bakin teburi da idona: yaron da aka aika cefane ya koma gida hannu rabbana, ɗan acaɓan da ya zubar da kuɗin balas na yini guda a wasa uku, faɗan da ya tashi a kan baƙar ƙwallo har aka zare wuƙa. Uwar da ta tsani rumfar sunuka tana da dalilinta, kuma ba ni da bakin ce mata ta yi kuskure.

A Amurka ma haka abin yake. Ralph Greenleaf, wanda ya mamaye gasar duniya a shekarun 1920, giya ce ta rusa shi, ya mutu a 1950 yana da shekara 50. A Johnston City kuɗin da ke sauya hannu a ɗakin baya bayan an tashi daga gasa ya fi kyautar gasar kanta. Ba na son a goge wannan daga labarin. Ina son a faɗe shi, don yaron da ke riƙe da sanda yau ya ji inda hanyar take kaiwa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce caca da gwaninta abu ɗaya ne. Ana caca a kan ƙwallon ƙafa fiye da kowane wasa a ƙasar nan. Shagunan yin ta sun cika garuruwa, wayoyin matasa ma sun cika da ita. Ban taɓa jin an ce a rufa wa Rashidi Yekini asiri ba. Muna raba ɗan wasa da ɗan caca a filin ƙwallo ba tare da wahala ba. Me ya sa a teburi kaɗai muke kasawa?

Willie Mosconi, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mafi girman gwanin da Amurka ta fitar, ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da wannan tambarin. Da kwat yake wasa, ya kuma tsani a haɗa shi da 'yan damfarar teburi. Baba ma, a iya shekarun da na san shi, wasansa bai wuce ƙa'idar rumfar ba: wanda ya faɗi shi ke biyan mai teburi kuɗin wasa. Idan aka kira sallah, sandar tana jingine kafin ladan ya gama. Hukuncin wasan kansa na bar wa malamai, su ne masu shi. Amma shiru ba ya korar caca daga rumfa. Abin da shiru ke yi shi ne ya kori dattawan kirki daga wurin, ya bar yara da waɗanda suka fi kowa lalacewa.

Idan ba a rubuta ba, mai baki ne ke cin gado

Mosconi an haife shi a Filadelfiya a 1913. Mahaifinsa yana da ɗakin wasa amma ba ya son ɗan ya bi wannan hanya, har yakan kulle ƙwallayen. Yaron ya riƙa gwaji da dankali da sandar tsintsiya. Ya girma ya ci gasar duniya sau 15 tsakanin 1941 da 1957, a nau'in wasan da sai ka faɗi ƙwallon da za ka jefa da ramin da za ta faɗa kafin ka buga.

Ranar 19 ga Maris, 1954, a wani kulob a Springfield ta jihar Ohio, ya jefa ƙwallo 526 a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Ku tsaya ku auna wannan adadi, ku da kuka san yadda jefa biyar a jere ke sa mutum ya ji kansa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina ba bugun ba ne. A cikin 'yan kallo aka sami wanda ya ce wannan abu ba za a bar shi a baki ba. Aka rubuta takardar shaida a daren, mutum fiye da 35 suka sa hannu. Takardar nan tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Saboda ita ne adadin ya tsaya daram shekara 65, har John Schmidt ya jefa 626 a Kalifoniya a 2019. Ba kyamara a wurin a 1954. Alƙalami ne da takarda, da mutanen da suka ga abin ya cancanci a rubuta.

Ga kuma kishiyar wannan. A 1961 aka fitar da fim ɗin The Hustler, wanda ya dawo da farin jinin wasan a Amurka; Mosconi ne ma mai ba da shawara kan bugun da ke cikinsa. A fim ɗin akwai wani ƙagaggen gwani mai suna Minnesota Fats. Sai wani ɗan caca mai suna Rudolf Wanderone, wanda ake kira New York Fats, ya ce ai shi ake nufi, ya ɗauki sunan ya maƙala wa kansa. Ya iya wasa, amma bai taɓa cin wata babbar gasa ba. Abin da ya fi kowa shi ne baki. Da suka haɗu da Mosconi a talabijin a 1978, Mosconi ya doke shi a gaban miliyoyin masu kallo. Duk da haka, a cikin Amurkawan da ba su san wasan ba, sunan Minnesota Fats ya fi na Lassiter da na Greenleaf yawo.

Mu ma muna da irinsa a kowace rumfa. Bayan shekara goma, idan aka tambayi waye gwanin unguwarmu a wancan zamani, wanda ya fi kowa surutu a majalisa ne zai ce shi ne, kuma babu mai ƙaryata shi, domin mai gaskiyar yana ƙasa, 'yan'uwansa kuma sun ce a rufa masa asiri.

"Wasan Turawa ne, ba namu ba"

Ƙwallon ƙafa ma daga Ingila ta zo, haka folo da sarakunanmu suka rungume shi a Katsina tun zamanin Sarki Dikko. Amma bari in amsa da mutane biyu.

Cisero Murphy baƙar fata ne ɗan Brooklyn a New York. Ya yi ta cin gasannin birni da na jiha, amma ba a gayyatarsa gasar duniya saboda launin fatarsa. A 1964 har zanga-zanga aka yi a ƙofar otal ɗin da ake gasar a New York a kan hana shi shiga. A 1965 aka gayyace shi gasar da aka yi a Burbank ta Kalifoniya, ya je ya cinye, ya doke Lassiter kansa. Karon farko ke nan da ya shiga. Sai a 1995 aka sa sunansa a jerin gwarzayen da hukumar wasan ta Amurka ke karramawa, shekara guda kafin mutuwarsa. Shekara 30 yana jira. Idan wanda ya ci gasar duniya ya yi irin wannan jira, ina ga baƙaƙen gwanayen da suka ƙare rayuwarsu a ɗakunan wasa na unguwanninsu, waɗanda ko ƙofar gasa ba a buɗe musu ba? Yawancinsu sun tafi da sunayensu.

Na biyu shi ne Efren Reyes na ƙasar Filifin, kuma labarinsa ya fi kama da na yaranmu. An haife shi a 1954 a gidan talakawa a lardin Pampanga. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi Manila wajen kawunsa mai ɗakin wasa, yana jera ƙwallaye yana share wuri, a kan teburin yake kwana. Laƙabinsa Bata, wato yaro da harshensu. A 1985 ya shiga wata gasa a Houston da sunan aro, Cesar Morales, ya cinye, Amurkawa suka riƙe baki. Ya ci US Open a 1994. A 1996 a Hong Kong ya kara da gwanin Amurka Earl Strickland a karawar wanda ya fara cin wasa 120, a kan dala 100,000. An bar shi a baya da nisa, ya dawo ya ci 120 da 117. Ya ci gasar duniya ta ƙwallo tara a Cardiff a 1999, ya kuma zama zakaran zakaru a Derby City sau biyar.

Filifin ma ba ƙasar masu arziƙi ba ce. Teburanta na bakin titi ba su fi namu kyau ba. Bambancin shi ne a can yaro ya taso yana jin sunayen gwanayen da suka gabace shi, ya san akwai tsani, ya san wanda ke kan kowane mataki. Yaronmu ya iya bugu, amma bai san ko akwai wani abu bayan rumfar ba, sai kuɗin da zai ci na abokinsa.

Mata ma suna cikin tarihin nan. Jean Balukas, 'yar Brooklyn, ta ci wata gasar US Open ta mata, ta nau'in wasan Mosconi ba ta ƙwallo tara ba, a 1972 tana da shekara 13, ta mamaye wasan shekaru, ta ajiye sanda a 1988 tun ba ta kai talatin ba.

"'Yan yanzu sun fi na da"

Wataƙila haka ne, kuma ba ya damuna. Ɗan wasan yau yana da ƙyalle mai santsi, da sanda mai kyau, da bidiyon kowane gwani a wayarsa. Teburin da Mosconi ya yi 526 a kai ƙafa takwas ne, ya fi na gasar yau ƙanƙanta, kuma masana suna ta muhawara a kan hakan. Muhawara ce mai daɗi, amma ba za a yi ta ba sai da an san girman teburin, an san ranar, an san adadin.

Su kansu bidiyoyin da yaranmu ke kallo, ba daga sama suka faɗo ba. Wani ɗan wasa mai suna Pat Fleming ne ya ɗauki nauyin ƙirga bugu da ɗaukar gasanni a kaset tun shekarun 1980, da kamfaninsa Accu-Stats, lokacin da manyan gidajen talabijin ba su damu ba. Shahararren bugun nan na Reyes a Reno a 1995, wanda farar ta yi zigzag a teburi ta je ta jefa ƙwallon da kowa ya cire rai da ita, da ba a ɗauka ba da yanzu ya zama tatsuniya, wani ya yarda wani ya ƙi.

"Muna da matsalolin da suka fi wannan"

Muna da su. Tsaro, tsadar abinci, yaran da ba sa makaranta. Ban ce a ware kasafi ba. Littafin rubutu na ɗan firamare ya isa, da biro.

Kuma mu Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Dambe ma ba wasan masallaci ba ne. An san irin abubuwan da ke kewaye da fagensa. Amma sunan Shago yana raye a bakin mutanen da ba su taɓa ganin damben sa ba, saboda Ɗan Anace ya tsaya ya waƙe shi. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, ana ba da takobi, kuma tsoho a Tawa ko Maraɗi zai iya lissafa maka sarakunan kokawa shekara bayan shekara. Mun iya riƙe sunan gwani idan mun ga dama. Ɗan teburi ne kawai bai sami makaɗi ba, bai sami marubuci ba, 'yan'uwansa ma suna sunkuyar da kai idan an ambace shi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Mai teburin da ke haɗa gasar sallah ya rubuta ranar da sunayen waɗanda suka shiga da wanda ya ci, ya manna a bango. Ya nemi wani mai shago ya sa kyautar, kada kowa ya zuba kuɗi a kan wasan. Ya kori yara 'yan makaranta a lokacin makaranta, ya rufe teburi idan an kira sallah. Rumfar da ke da allon sunaye na shekara goma a bangonta tana da abin da take tsoron zubarwa, kuma dattijo zai iya zama a bencinta ba tare da ya ɓoye fuska ba. Matasan da ke yawo da waya kuma su nemi tsofaffin 'yan wasan garinsu tun suna da rai, a Sabon Gari ne, a Tudun Wada ne, a Zango ne, su zauna su tambaye su: wa ya fi kowa a zamaninku, a ina kuke haɗuwa, wace unguwa ce ba a iya doke ta, wa caca ta hallaka?

Ni na makara da Baba. Shekaru ina wucewa ta gaban shagonsa, mu gaisa, in ce wata rana zan zauna in ji labarin gasannin nan daga bakinsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je wajen babban ɗansa, na same shi a shagon yana kwashe kaya. Na ce, "Yaya, don Allah sandar Baba tana nan?" Ya dube ni jim, sannan ya miƙa hannu bayan wata tsohuwar fanka ya zaro ta, a naɗe cikin tsumma. Inda hannun dama ke kamawa ya yi baƙi, ya yi santsi. A bangon shagon kuma akwai agogo uku, biyu sun tsaya. Ya ce shi tun yana yaro yake ganinsu, bai taɓa tambayar inda suka fito ba.

Na gaya masa. Ya jawo benci ya ce in zauna, ya kira ƙaramin ɗansa daga waje, ya ce in sake faɗa tun daga farko.